Littafin da ke cikin adakar Baba

Bayan rasuwar Baba, Allah shi jiƙan shi, munka buɗe adakarsa a Madawa, munka iske wani tsohon littafin Faransanci, La Croisière noire, bugun 1927. Labarin motoci takwas ne na kamfanin Citroën da sunka taso daga Aljeriya a 1924, sunka ƙetare Sahara, sunka biyo ta Yamai, Tasawa da Damagaram. Ga hotuna, ga taswira.

Ƙanena ya ce mu saida, wai ya gani a waya irin shi na yin miliyoyin sefa a Faransa. Sai na bincika. Ashe wanda masu tara tsoffin littattafai ke rububi a kai wajen gwanjo daban ne: kundin zane 50 na Alexandre Iacovleff, mai zanen da ya raka tafiyar, wanda anka buga kaɗan. Namu na gama-gari ne.

Kuma mutanen nan ƙirga shafi suke ɗaya bayan ɗaya. Hoto guda ya ɓace, farashi ya faɗi. Namu kuwa gara ta ci bangonsa, ni da kaina na yage hoto biyu ina ɗan lakwal, na liƙa a ɗakin Inna. Ko Baba bai lura ba, ko ya lura ya ƙyale ni.

Ban yarda a saida ba. Nasara sun rubuta abin da sunka ga dama a kanmu, amma rawunna da dawakin da ke cikin hotunan na mutanenmu ne. Na naɗe shi a ƙyalle, na maida cikin adakar. Ƙanena dai har yau gaisuwarsa a taƙaice take.