Wasiƙa daga Dablin zuwa Kakuri

Ƙanena,

Barka da arziki. Allah ya raya mana yaron, ya ba mai jego lafiya. Ka ce in taya ka zaɓen suna, to ga abin da zaman nan ya koya mini.

Mutanen Ayalan ba sa wasa da sunan gida. A harshensu, Mac ɗa ne, O kuma jika. Sunan John McCarthy, wanda ya zama akbishop na farko na Kaduna a 1959, yana komawa ne ga Carthach, wani sarkin kudancin ƙasarsu da ya rasu tun 1045. Zamanin mulkin Ingila an lanƙwasa sunayensu zuwa Turanci, gidaje da yawa suka yar da O da Mac. Bayan kafa ƙungiyar Gaelic League a 1893, jikoki suka fara komawa suna ɗauko abin da kakanni suka ajiye. Yanzu za ka ga iyaye sun sa wa ɗa sunan da baƙo ba ya iya karantawa, kuma ko a jikinsu.

Mu fa? Sunayen da ake kira a majami'un Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha da dama daga Girkanci suke: Bitrus dutse, Istifanus kambi, Andarawus jarumi, Filibus mai son dawakai. Littafi Mai Tsarki ne ya kawo mana su, ina kuma ƙaunarsu. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda Danladi, Talatu, Gambo da Kande ke ɓacewa daga gidajenmu, alhali da jin su ka san ranar da aka haifi mutum da wanda yake bi.

Ba dole sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Wanda ya gaji McCarthy a 1975, Akbishop Peter Jatau, ya haɗa na Girka da na gida, kuma bai rage shi da komai ba.

Yaron nan ya zo bayan mata uku, Tanko ne tun kafin mu ce uffan. Ka haɗa masa da sunan baftisma, sannan a rubuta sunan marigayi Baba a takardar haihuwarsa. In ya girma, duk ƙasar da abinci ya kai shi, zai san gidan da ya fito.

Ka gaishe mini da Mama, ka ce kuɗin ragon suna na nan tafe.

Naka,
Yayanka