Kafin a Ce Ƙurunƙus

Bahaushe ya yi wa tatsuniya ƙofa biyu, ta shiga da ta fita. Idan tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara suka amsa mata, to an ƙulla alkawari ke nan: ita ba za ta tashi ba sai ta kai Gizo inda za ta kai shi, su kuma ba za su yarda barci ya sace su ba sai sun ji ƙurunƙus kan kusu. A kan wannan alkawari duk mai ba da labari yake cin abincinsa, tun daga kakar da ke zaune bisa tabarma a Barmu har zuwa marubucin da ake fassara littattafansa cikin harsuna da dama. To, me ke samun masu saurare idan aka shigar da su ta ƙofar farko, aka yi nisa da su cikin daji, sa'an nan mai labarin ya yi shiru bai buɗe musu ta biyu ba?

Babu inda wannan tambaya ta fi fitowa fili a zamanin nan kamar a kan aikin George R. R. Martin, marubucin Amurka da aka haifa a 1948. A 1996 ya fitar da littafin farko na wani dogon labarin sarauta da yaƙi da sihiri, wanda masu karatun Faransanci suka sani da suna Le Trône de fer, wato Karagar Ƙarfe. Na biyu ya fito a 1998, na uku a 2000, na huɗu a 2005, na biyar a 2011. Marubucin ya ce littattafai bakwai ne za su cika labarin, har ya raɗa wa biyun da suka rage suna, amma an shafe shekaru fiye da goma ana dakon na shida. Kuma ba a wuri mai daɗin tsayawa ya tsaya ba, domin kuwa dab da ƙarshen na biyar ya bar Jon Snow, kwamandan masu gadin katangar ƙanƙara, kwance cikin jini bayan mutanensa sun sossoke shi da wuƙaƙe. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce ya rayu ba.

Tun kafin shirun ya yi tsawo haka, masu karatu sun saba tona abin da ke hannunsu. Hasashen da ya fi shahara ya shafi asalin shi wannan Jon Snow, wanda labarin ya gabatar a matsayin ɗan gaba da Fatiha na Ned Stark, mai mulkin ƙasar arewa. Wasu suka ce maganar ba ta zauna ba, suka kuma jera hujjojinsu. Ned mutum ne mai tsananin kamun kai, wanda cin amanar aure bai yi kama da halinsa ba. Ya ƙi faɗa wa matarsa sunan uwar yaron. Ƙanwarsa Lyanna ta rasu a wani soro can kudu, bayan ta sa shi ya ɗaukar mata wani alkawari da ba a bayyana ba. Bugu da ƙari, dogarai uku daga cikin bakwai masu tsaron sarki aka iske a ƙofar soron, alhali ana kashe sarkin da yarimansa a wasu wurare. Me dogarin sarki zai tsaya gadi, in ba jinin sarauta ba? Daga nan suka yanke cewa Jon ɗan Lyanna ne da Yarima Rhaegar, kuma Ned ya ɗauki abin kunyar ne a kansa don kada sabon sarki ya hallaka jaririn. Lokacin da David Benioff da D. B. Weiss suka je neman izinin mayar da littattafan fim, tambayar da Martin ya gwada su da ita ke nan, wace ce uwar Jon Snow, suka kuwa ba da amsa daidai.

Fim ɗin, Game of Thrones, wanda tashar HBO ta nuna daga 2011 zuwa 2019 cikin zango 8 da kashi 73, ya cim ma littattafan ya wuce su. A 2016 da 2017 ya tabbatar da hasashen masu karatu game da asalin Jon, ya kuma tashe shi daga mutuwa kamar yadda da yawa suka kintata. Amma da ya zo ƙarshe, inda Daenerys ta ƙone babban birni, Jon ya kashe ta, aka naɗa Bran gurgu sarki, sai mutane fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a wata takardar koke suna neman a sake zangon ƙarshe. Gardama ta dawo sabuwa. Masu cewa littattafan ma can za su nufa suna kafa hujja da cewa Martin ya gaya wa masu fim manyan abubuwan da ya ƙudura. Masu musu kuwa suna nuna mutanen da fim ya zubar, kamar saurayin da ke da'awar shi ne Aegon magajin karaga, suna cewa hanyar da ta bi ta wasu garuruwa dabam ba lalle ta sauka a zango ɗaya ba.

A Tawa waɗanda suka karanta littattafan kaɗan ne, saboda fassarar Faransanci da aka rarraba juzu'i 15 ba ta aljihun ɗan lise ba ce. Fim ɗin ne ya iso, ta cikin wayar salula, daga hannun masu tura fina-finai da ƴan ci-ranin da ke komowa gida kafin damina. Duk da haka gardamar iri ɗaya ce, kuma wanda ya taɓa zama a wata fada ta samari tsakanin shayi na farko da na uku ya san yadda takan yi zafi. Iyayensu da yayyensu ma sun sha irin wannan jira ta wata fuska. Tun daga shekarun 1990 littattafan Kano suke shigowa ta Maraɗi ko ta Birnin Ƙonni, cikinsu har da na yaƙi da aljanu, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Malikussaif na Aliyu Abubakar Sharfaɗi. Ƙananan juzu'ai ne, kowanne yana yankewa daidai lokacin da takobi ke sama. Falke yakan kawo na ɗaya da na biyu da na huɗu, na uku kuwa sai wata shekara, ko ma har abada. A Kano labarin ya ƙare, a Tamaske ko Tabalak bai ƙare ba, sai masu karatu su zauna su cike giɓin da kansu, su auna abin da na biyu ya bari da abin da na huɗu ya tarar.

Wannan ɗabi'a tana da saiwa a adabin baka. Akwai labaran da da gangan ake rufe su da tambaya, a ce cikin mutanen nan uku wa ya fi wani gwaninta, ko wa ya cancanci a ba shi yarinyar, sa'an nan a bar dandali ya kaure da musu. Mai labarin ya san amsar ba tasa ba ce shi kaɗai. Haka kuma riƙe ƙarshen labari tsohuwar dabara ce: da ita Shaharzad ta tsira da wuyanta a Dare Dubu da Ɗaya, da labari bayan labari kuma aku ya tsare Musa ɗan sarki a gida cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam.

Malamin Faransanci yana da nasa misalin a tushen adabin da yake koyarwa. Wajen 1190 Chrétien de Troyes ya bar Perceval bai kammala ba, bayan baiti kamar 9,000. Jarumin ya ga wani akushi mai ban al'ajabi an wuce da shi a fadar wani sarki majinyaci, ya kame bakinsa bai tambayi wa ake kai wa ba, daga baya aka shaida masa cewa da ya tambaya da sarkin ya warke. Mawaƙa huɗu suka bi baya da ci-gaba, ciki har da Manessier da Gerbert de Montreuil, abin da suka rubuta kuwa ya ninka nasa sau da yawa. A Ingila, Charles Dickens ya rasu a 1870 ya bar kashi 6 daga cikin 12 na labarin ɓacewar Edwin Drood, har a 1914 masoyansa suka kafa kotun wasa a Landan don su yi wa wanda ake zargi shari'a, G. K. Chesterton yana alƙali, George Bernard Shaw yana shugaban masu yanke hukunci. Robert Jordan kuwa, da ya ga ciwo ya ci ƙarfinsa, sai ya bar rubutattun bayanai da muryarsa a naɗe kafin rasuwarsa a 2007, Brandon Sanderson ya ƙarasa labarin da littattafai uku, na ƙarshe a 2013. Ko a fagen ilimi, wanda ya fi ƙarfin a haɗa shi da ƙagen labari, Tafsirin Jalalaini da ake karantawa kowane azumi aikin mutum biyu ne: Mahalli ya rasu a 1459 bai gama ba, ɗalibinsa Suyuɗi ya cika sauran bisa tsarin malaminsa. Sharaɗin a ko'ina ɗaya ne, wato mai ƙarasawa sai ya san abin da aka riga aka aza kafin ya ɗora nasa tubalin.

Nan ne maganar ta shafi malaman makaranta. Kukan da aka fi ji a ɗakin malamai shi ne yaran yanzu ba sa karatu, ba sa riƙe abin da suka karanta. Amma ɗalibin da ya kasa sharhin layi goma ranar jarrabawa, shi ne da dare zai tuno wata kalma da aka faɗa a zango na ɗaya, ya haɗa ta da wani abu na zango na shida, ya kayar da abokin gardamarsa. Ya rarrabe abin da aka faɗa da abin da aka yi nuni gare shi, ya auna aiki da halin mai aikin, ya kafa hujja. Sharhin matani bai wuce wannan ba. Abin da ya rage shi ne a jawo gwanintar daga fada zuwa aji. Malamin Hausa yana iya tsayar da karatun Ruwan Bagaja a tsakiyar wata arangamar Alhaji Imam da Malam Zurƙe, ya rufe littafin, ya ce kowa ya rubuta yadda za ta kaya. Doka ɗaya ce tak: ba a karɓar hasashe sai da shafin da ya dogara a kai. Bayan mako guda a buɗe a ga abin da Imam ya yi, a kuma tambayi ajin dalilin da ya sa ya bi wannan hanya ya bar tasu. Yaron da ya yi kuskure da hujja ya fi wanda ya dace da ka amfana da darasin.

To amma hasashe yana da iyaka, kuma tarihin ƙasar nan ya nuna ta. A watan Afrilu na 1899 Sarauniyar Lugu, a ƙasar Arewa, ta tari rundunar Voulet da Chanoine. Takardun Faransawa sun ambace ta cikin ƴan layuka, a matsayin wata tsohuwar matsafiya, riwayoyin baka kuwa sun sha bamban kan ƙarshenta, har wasu na cewa ta rikiɗa ta zama damisa. Abdoulaye Mamani ya shiga wannan giɓi da alƙalaminsa a 1980, ya ba ta ƙuruciya da horo da jawabai, Med Hondo ya mayar da littafin fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Aiki ne mai daraja, kuma haƙƙin marubuci ne ya ƙaga. Sai dai ɗalibai da yawa suna ɗaukar abin da Mamani ya ƙaga tamkar abin da aka gani da ido. Wanda aka horar ya ce wannan yana cikin matani, wannan kuwa kintace ne, ba zai faɗa wannan rami ba. Zai ji daɗin littafin, ya kuma san inda shaida ta tsaya.

Adar ma tana da nata dogon labarin da ba a ƙarasa ba. An san Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya karya Kabi a 1674, kuma daga gare shi sarautar Adar ta samo asali. An san Djibo Hamani da Nicole Echard sun fitar da manyan littattafansu kan tarihin yankin a 1975, bayan sun zauna gaban dattawa sun saurara. Amma kowane gari yana da nasa juzu'in: yadda Bilbis da Fakawa suka haɗu suka zama Tawa, yadda aka haƙa rijiyar farko a ƙauye kaza, wace yunwa ce ta tashi wace zuriya daga tudu zuwa fadama. Waɗannan juzu'ai a ƙirjin tsofaffi suke. Jordan ya bar takardu da murya, Martin yana da masu buga masa littafi da ɗakin ajiyar rubuce-rubucensa. Dattijon Kalfu ko na Affala ba shi da kowa sai wanda ya zo ya zauna gabansa, kuma ranar da ya yi shiru babu falken da zai kawo na uku.

Wayar da ta ɗauki kashi 73 na labarin wata ƙasa ba za ta gaza ɗaukar hirar awa biyu ba. Ƙungiyoyin raya al'adu suna iya haɗa ɗalibai bibbiyu a lokacin babban hutu, kowane biyu da dattijo ko dattijuwa guda, a naɗi magana da izinin mai ita, a rubuta ta da Hausa yadda aka faɗe ta, a sa suna da gari da rana, a ajiye kwafi a makaranta, wani kuma a jami'ar Tawa da aka kafa a 2010. Samarin da suka iya tambayar me dogarai uku ke yi a ƙofar soro, za su iya tambayar me ya sa riwayar wannan unguwa ta saɓa wa ta waccan. Laifin Perceval dai guda ne, an wuce da abin a gabansa bai tambaya ba, da gari ya waye kuma ya iske fadar babu kowa. Allah ya ja kwanan dattawan Adar, ya ba matasanta bakin tambaya tun masu amsa suna nan.