Yadda Na Koyi Tanƙwara Busasshen Katako

Yau labarin wani abin kunya da na yi zan ba ku, da yadda bututun ƙarfe da gawayi suka fitar da ni.

Ni kafinta ne a Sabo ta Ibadan, shekarata 24 ina yin gado da kujera da ƙofa. Ran nan a cikin 2022 na dawo gida a gajiye bayan Magariba, sai na ji wani kiɗa siriri yana fitowa daga ɗakin babban ɗana, mai shekara 16. Na leƙa na same shi rungume da wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu, ga littafin makaranta a rufe, ga jarrabawa saura mako biyu. Zuciya ta ɗebe ni, na fizge ta na maka da bango. Yaron bai yi kuka ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Baba, ba tawa ba ce, aro aka ba ni."

Ashe ta wani abokinsa ce Bayarabe a Mokola, wadda kawunsa ya kawo masa tsaraba daga Ingila. Kun san yadda zaman Kurmi yake, laifin da mutum ɗaya ya yi, da sunan Hausawa duka ake faɗinsa. Da safe na je na ba mahaifin yaron haƙuri, na ce zan biya. Da muka tambayi kuɗin irinta, sai na ga ya fi ƙarfina a lokacin. Uwargida ce ta ce, "Malam, ai katako ne. Ba aikinka ba ne?"

Sunan abin ukulele. Ɗana ne ya nemo mini tarihinta a wayarsa, yana karantawa ba tare da ya dube ni ba. Asalinta tsibirin Hawai ne, inda wasu kafintoci 'yan Madeira ta ƙasar Fotugal, irin su Manuel Nunes da Augusto Dias, suka sauka a 1879, suka soma ƙera ta bisa fasalin ƙananan jitocin garinsu. Da na ji kafintoci ne 'yan ci-rani irina, sai na ce to ni ma zan iya.

Fuska da baya da wuya duk ba su ba ni wahala ba. Gefen ne ya tsaya mini a maƙogwaro. Kayan kiɗanmu na gida, gurmi da goge da kukuma, ƙwarya ce ko duma da Allah ya riga ya lanƙwasa, sai a rufe da fata. Molo kuwa sassaƙa ake yi. Amma gefen ukulele fallen katako ne guda biyu, kowanne tsawonsa kamar santimita 40, kaurinsa bai kai milimita 2 ba, kuma sai an tanƙwara shi ya fitar da ƙugu kamar lamba 8. Mu kuwa abin da muka taso muna ji shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Falle uku na karya da hannu kafin na yarda akwai abin da ban sani ba.

Sirrin ashe zafi ne da ɗan danshi. A cikin katako akwai wani sinadari kamar gam, Turawa na ce masa lignin, shi ke riƙe da zaruruwansa. In zafi ya kai wajen digiri 150 a ma'aunin Salshiyas sai ya yi laushi, katakon ya bi hannu, in ya huce kuma ya tsaya yadda aka bar shi. Masu kuɗi a ƙasashen waje suna sayen bargon roba mai aiki da lantarki, amma da yawa da kansu suke haɗa na'urar a gida.

Na fara da dabarar ƙwan lantarki. Ana zura ƙwai mai wat 200 a cikin bututun ƙarfe, irin ƙwan da, wanda zafinsa ya fi haskensa yawa. Samunsa ma aiki ne, domin irin na LED da ya cika kasuwa ba ya zafi. Na samu, na haɗa, bututu ya soma ɗaukar zafi, ina tsakiyar lanƙwasa ƙugu aka ɗauke wuta. Ƙarfe ya huce ban ankara ba, na danna, sai ji na yi ƙas. Falle na huɗu ke nan.

Na koma gas. Na kunna harshen wuta a cikin bututun, sai wuri ɗaya ya yi zafi fiye da kima ya babbake mini katako. Nan kuma wani mai walda maƙwabcina ya ga bututun ya ce in jefar da shi, domin na ruwa ne mai farin shafin zinki, in ya yi zafi sosai hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Ku kiyaye wannan.

Wani tsoho mai wanki da guga a layinmu ne ya warware matsalar, ba tare da ya sani ba. Ina zaune ina kallonsa yana fifita dutsen gugarsa na gawayi, yana ɗiga ruwa a kai don ya ji zafin, sai na ce ai ga shi nan. Mai walda ya yanko mini baƙin bututu mai faɗin inci 3, tsawon ƙafa ɗaya, ya toshe baki ɗaya, ya huhhuda ƙasansa don iska, ya yi masa ƙafa na ɗaure a jikin benci. Na zuba garwashi a ciki. A tsakar gida na yi aikin, don hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki kisa yake yi.

Ma'aunina ɗigon ruwa ne. In ya kwanta yana tafasa a hankali, da saura. In ya yi tsalle yana rawa a kan ƙarfen, ya yi daidai. Katakon ma na canza. Da farko Sapele nake amfani da shi, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na Jihar Delta, amma zaruruwansa a sarƙe suke, yana saurin tsagewa a hannun ɗan koyo. Na koma kasuwar katako ta Bodija na sayo wanda Yarbawa ke kira oganwo, ɗan uwan maɗacinmu na Arewa.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne, dole wani ya riƙa fifita wuta. Uwargida ta turo yaron. Ina shafa wa falle ruwa kaɗan, in ɗora shi a kan bututu, in tallafe bayansa da fallen gwangwani, ina ɗan murza shi gaba da baya. Can sai ya ce, "Baba, kuna dannawa da yawa. Ku jira shi." Kwana 19 ke nan rabon da ya yi mini magana in ba gaisuwa ba. Na sassauta hannu. Jim kaɗan na ji katakon ya saki da kansa, kamar ƙuli-ƙulin da ya sha ruwa. Muka sa shi a cikin katakon da na yanka da siffar ukulelen, muka ɗaure da robar taya, ya kwana. Da safe yana nan yadda muka bar shi.

Wata biyu aikin ya ci. Da muka kai Mokola, mahaifin yaron ya juya ta, ya ga ɗan tabon ƙuna a ƙugu, ya yi dariya ya ce a bar shi haka. Muryarta ba ta kai ta Ingila ba, ni ma na ji hakan, amma ya karɓa, muka yi musabaha.

Bututun yana nan a bayan shago. Ɗana ya ci jarrabawarsa, kuma bayan nan ya tanƙwara gefe biyu da hannunsa, ni ina fifita masa wuta. Har yanzu ba mu gama shawara a kan kiɗan ba, ni da shi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu haƙurin zama da su, amin.