Halartar Zuciya a Tarbiyyar Dattawan Kudancin Kano

Daga cikin darussan da dattawan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suke yawan nanatawa akwai halartar zuciya, wato mutum ya tattara hankalinsa a kan abin da yake yi da wanda yake tare da shi, kada gangar jikinsa ta kasance a wuri alhali tunaninsa ya lula wata duniya. Tushen darasin daga salla yake. Duk wanda ya yi karatun zaure ya biya littafin Ahalari, inda aka yi dogon bayani kan rafkanuwa da yadda ake gyara ta da sujadar ƙabli ko ba'adi, sai dai malamai kan tunatar da ɗalibi cewa sujadar tana cike giɓin aiki ne, amma ba ta dawo da kushu'in da ya kuɓuce, wato ƙanƙan da kai da zuciya take yi a gaban Ubangiji.

Manomin masara a Doguwa ya ga gaskiyar wannan darasi a gonarsa, musamman tun da baƙuwar tsutsar masara ta ɓulla a Nijeriya a 2016. Wanda yake bin kunya-kunya da sassafe yana buɗa tsakiyar shuka zai tarar da ganye ya yi huji-huji, ga kashin tsutsa a ciki, sai ya yi feshi kan lokaci, amma wanda ya tsaya a bakin gona ya hangi kore shar ya juya, ba zai farga ba sai ɓarna ta yi nisa. Dattawa suna ganin haka iyali yake, domin yaron da ya fara janye jiki, ko matar da ta rage magana, maigidan da yake zama ya saurara ne kaɗai yake gane damuwarsu tun tana ƙarama.

Wannan ne ya sa ba sa ɗaukar doguwar gaisuwa a matsayin ɓata lokaci. Tambayar gajiya da iyali da ruwa dama ce ta duban fuskar ɗan'uwa da jin muryarsa, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abin da ke damunsu, kuma suna da gaskiya, shi ne tun zuwan wayar salula a 2001 ake ƙara ganin matashi ya durƙusa gaban mahaifinsa, ko ya zauna a wurin makoki, baki yana amsawa ido yana kan waya. Ba su ƙi wayar ba, domin da ita ake jin farashin hatsi a kasuwar Kwanar Ɗangora kafin a ɗora buhu a mota, da ita kuma ake sada zumunci da na nesa. Sai dai wanda ke zaune a gabanka ya fi haƙƙi a kan hankalinka, don haka ya kamata iyaye su fara ajiye tasu wayar a duk lokacin da yaro ya zo musu da magana.