Kalmar canji da abin da take ɗauke da shi

Mu da muka tashi a Bibemi muna jin Fulatanci a kasuwa, Faransanci a makarantar boko, Larabci a gaban allo, amma akwai wata kalmar Ingilishi da ta zauna a bakinmu har muka manta baƙuwa ce. Ita ce canji, daga "change". Ta shigo mana ta bakin 'yan'uwanmu na Najeriya, har ta haifi fi'ili, muna cewa ya canza riga, ya canza sheƙa, alhali muna da sauya da musanya tun kaka da kakanni.

A Faransanci kalmar ta fi tsayawa kan musayar kuɗin ƙasashe. Wannan ma'anar mun san zafinta. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, iyayenmu suka wayi gari ajiyarsu ta rabu biyu. A ƙarshen 2022 kuma Najeriya ta sake takardun naira 200 da 500 da 1000, fataken da ke sayen shanu a kasuwar Adumri suka shiga neman inda za su kai tsofaffin takardu. Malaman fiƙihu sun sharɗanta wa irin wannan canji ya kasance hannu da hannu, sharaɗin da 'yan canji da yawa ke sassautawa yau saboda turawa ta waya.

Akwai kuma canjin 'yan siyasa, wanda aka yi ta kira a zaɓen Buhari na 2015. Wannan mu bar wa masu shi.

Wanda ya fi damunmu shi ne ƙaramin cikinsu, ragowar kuɗin ciniki. Sulalla sun daɗe suna wuya a ƙasashen sefa, sai mai kanti ya ce babu canji, ya miƙa ashana ko alawa, wani ma ya yi shiru da sefa 25. A gida kuwa, uwa ta aiki yaro da 500, ya dawo da sabulu, ragowar ta ɓace a aljihunsa, ba wanda ya tambaya. Mahaifinmu ba ya ƙyale wannan. Sai an ƙirga masa canji a tafin hannu, sa'an nan ya ɗauki abin da ya ga dama ya ce wa ɗan aike, wannan naka ne.