Kwana Uku A Bakin Kogi Bayan Matsirga

Bahaushe ba ya kwana a daji sai da dalili. Falke yakan yi zango domin dare ya riske shi, maharbi yakan kwana saboda nama, Bafillace kuwa saboda shanunsa. Amma mutum ya bar gadonsa da gangan, ya tafi ya shimfiɗa tabarma a inda babu gida babu kasuwa, wannan mun daɗe muna ɗaukarsa halin Turawa ne. To, ni na taɓa yi, kuma ina ganin ba hauka ba ne.

A cikin hunturun 1984 muka shiga jirgin ƙasa daga Kaduna mu uku, muka sauka a Kafanchan, garin da ya bunƙasa tun da ya zama mahaɗar hanyoyin dogo a 1927. Daga nan muka nufi Madakiya, inda ruwan Matsirga yake zubowa daga kan dutse, tsawon wajen mita 30. Yawancin baƙi a nan suke tsayawa su ɗauki hoto su juya. Mu kuwa muka bi kogin sama, ta wajen duwatsun Kagoro inda ruwan yake fitowa. Guzurinmu gari ne da ƙuli-ƙuli da ɗan kilishi, sai tukunya ɗaya da adda da ashana da barguna.

Kafin mu shiga, sai da muka je muka gai da mai unguwa, wani dattijo Bajju. Ya ce, "Samari, dajin da kuke gani ba kowa, kowane itace a cikinsa da mai shi." Sa'an nan ya haɗa mu da wani maharbi. Shi ne ya hana mu sauka a kan yashin kogi, ya ce da damina in aka yi ruwa a kan dutse yakan cika cikin dare ba tare da an ga hadari ba, kuma ko da rani hanyar dabbobi ce. Ya zaɓa mana tudu, ya sa muka share ciyawa kewaye da wuta, domin gobarar daji ba ta jin haƙuri.

Sanyin asuba a wurin, jama'a, ba a magana. Amma kullum hantsi sai wata Bafillatana ta kawo mana nono, wani manomi kuma ya ba mu ɗanyar citta muka jefa a shayi. Da dare mukan zauna mu biyar ko shida, Kirista da Musulmi, ana hira da Hausa, ko da yake ba kowa ne ya tsotse ta a nono ba. Ba wanda ya tambaye mu daga ina muke sai bayan ya ba mu abinci.

Shekara uku bayan haka, a 1987, rikici ya ɓarke a Kafanchan. Na Zangon Katab ya biyo a 1992, sa'an nan na bayan zaɓen 2011, daga bisani masu satar mutane suka mai da dazuzzuka da yawa mafakarsu. Kogin yana nan yadda yake, yardar da ta bar mu muka yi barci a bakinsa ce ta yi ƙaranci.

Bara ɗana ya matsa in kai shi ya kwana inda na kwana. Na kai shi Matsirga da hantsi, ya jiƙa ƙafarsa, muka komo Kafanchan kafin la'asar.