Lucera: Garin Musulmi A Bisa Tudun Italiya

 

Duk wanda ya ratsa ƙasar Italiya zai lura da cewa yawancin tsofaffin garuruwanta a bisa tuddai aka kafa su, kowanne da ganuwarsa da lungunansa matsattsu, saboda tsoron hari da gudun zazzaɓin fadama. A cikinsu akwai guda wanda ya kamata kowane Musulmi ya san labarinsa, shi ne Lucera, a jihar Puliya, kudu maso gabashin ƙasar, kamar mil 12 daga birnin Fojiya.

Asalin zancen daga tsibirin Siƙilliya ya taso, wanda Turawa ke kira Sisili. A shekara ta 827 rundunar Musulmi ta sauka can a ƙarƙashin Asadu ɗan Furatu, alƙalin Ƙairawan, almajirin Imamu Malik. Masu karatun Muhtasar sun saba jin sunan Ibnu Yunusa da Maziri. To, su biyun duk wannan tsibiri ake danganta su da shi. Mulki ya kuɓuce wa Musulmi gaba ɗaya a 1091, daga baya ragowarsu suka fake a duwatsun yammacin tsibirin suna tawaye. Da Sarki Firedirik na Biyu ya ci ƙarfinsu, sai ya dinga kwashe su yana ƙetarar da su zuwa Lucera, tun daga wajen 1224 har 1246. Masana tarihi sun kimanta yawansu tsakanin 15,000 da 20,000.

Abin mamaki, wannan ƙaura ta tilas ita ta haifi gari mai albarka. Ƙarƙashin tudun akwai wani fili shimfiɗaɗɗe iyakar ganin ido, nan suka noma alkama da sha'ir da wake, suka dasa inabi, suka yi kiwon tumaki da zuma. Akwai maƙera a cikinsu da masaƙa da masu ɗinkin tanti, har ma su ke kula wa sarki da raƙumansa da damisoshinsa. Amma abin da ya fi ɗaukaka sunansu shi ne harbin baka, don kuwa maharban Lucera na cikin amintattun dakarun sarki. An bar musu masallatansu da alƙalansu da makarantun allo, su kuma suna biyan sarki Kirista haraji wanda sunansa a takardun fada jiziya. Mai karatu ya dubi yadda zamani ke juyawa.

Muna da shaidar malami a kan haka. A 1261 Sarkin Masar Baibaras ya aiki Ibnu Wasil, marubucin Mufarrijul Kurub, jakada zuwa ga Manfired ɗan Firedirik. Ya ambaci garin a littafinsa, ya ce mutanensa Musulmi ne 'yan asalin Siƙilliya, ana tsai da Jumma'a a cikinsa a fili.

Sai dai a ganina duk wannan walwala a kan igiya guda take rataye, watau yardar gidan sarauta ɗaya. Ba su da maƙwabta Musulmi, ba su da tashar jirgin ruwa tasu, Paparoma kuwa bai daina kuka da zamansu ba. Da aka kashe Manfired a yaƙin Benebento a 1266, mulki ya koma hannun gidan Anju na Faransa. Mutanen Lucera suka yi tawaye, aka kewaye su har yunwa ta sa suka miƙa wuya a 1269. Aka ƙyale su shekara talatin da ɗaya ana karɓar harajinsu. A watan Agusta na 1300 Sarki Karlo na Biyu ya tura dakaru suka watsa garin, aka sayar da dubban mutane bayi, aka kwashe alkamarsu da dabbobinsu. Hujjar da fada ta bayar ta addini ce, amma masana da yawa sun nuna cewa baitulmalin sarki ya ƙafe saboda yaƙi, kuɗin bayin nan da hatsin su yake nema.

Yau garin yana nan da mutum kimanin 30,000. Na hau tudun da la'asar na zaga ganuwar da sarakunan Anju suka gina, mai hasumiyoyi fiye da ashirin, inda kufan fadar Firedirik yake a ciki. A tsakiyar gari akwai babbar majami'a da aka fara ginawa a 1300, an kuwa ruwaito cewa a gurbin masallacin Jumma'a take. Kowace shekara daga 14 zuwa 16 ga Agusta suna bikin Maryamu a matsayin majiɓinciyar garin, bikin da tushensa ke komawa ga ranar da aka fitar da Musulmi, ko da yake galibin masu shagalin yanzu taron dangi da wasan wuta ne a gabansu.

Mutanen kuwa masu fara'a ne da son baƙo. Da azahar sukan rufe kantuna su koma gida cin abinci, ɗan kasuwar da ya zo da gaggawa sai ya yi haƙuri har la'asar sakaliya. Da almuru kuma kowa ya yi ado ya fito dandali, tsofaffi da yara, ana tafiya sannu ana gaisawa. Abincinsu har gobe alkamar filin nan ce: burodi mai kaurin ɓawo, da taliyar hannu mai kauri da suke kira tirokoli, da wata mai siffar ƙaramin kunne, ana ci da ganye da man zaitun. Akwai cukun tumaki, gadon makiyayan da a dā ke gangarowa daga duwatsun Aburuzo da hunturu ta burtalin da ya biyo ta Lucera, kamar yadda Fulaninmu ke tafiya cin rani.

Matafiyi Musulmi ya yi hattara da miyar nama, don sau da yawa akan haɗa ta da alade, wani lokaci a zuba giya a girki, wasu masu gashi kuma suna sa kitsen alade a ƙulli. Tambaya ba ta ɓata musu rai. Wake da ganye da ƙwai da kifin da ake kawowa daga gaɓar Manfiredoniya sun ishe ni kwanakin da na yi. Wanda zai yi salla a kan tudun ya fuskanci kudu maso gabas, ta wajen da filin alkamar ya miƙe.